TSOHUWAR MOTA A ABUJA: Rabon Mai Ita Da Rabon Makanike

Kowace ranar aiki, tun gari bai gama wayewa ba, motoci ke kwararowa cikin Abuja kamar ruwan kwazazzabo. Wasu daga Masaka da Mararaba da Nyanya, wasu daga Suleja da Zuba da Kubwa, wasu kuma daga Gwagwalada da Lugbe ta hanyar filin jirgin sama. In mutum ya dube su da kyau, zai ga da yawansu sun girmi ɗan farin mai tuƙa su, kuma sun riga sun ci wata rayuwa a Turai ko Amurka kafin su tako ƙasar nan.

Da wuya a yi tafiya mai nisa a kan waɗannan hanyoyi ba a tarar da wata ta tsaya a gefe ba, an ɗaga bonet, an jera ganye a bayanta, mai ita kuwa yana tsaye da kayan ofis yana ta buga waya. Abin takaici shi ne, mafi yawan abubuwan da ke tsayar da irin waɗannan motoci ba manya ba ne, kuma ba rana ɗaya suka faru ba. Ruwa ne ya ƙare a lagireto, ko kan batir ya yi gari, ko fambel ya tsinke bayan ya yi makonni yana kuka ba wanda ya kula shi. Mota ba ta cika mutuwa ba sallama. Masu ita ne ba su jin harshenta.

YADDA AKA ZO NAN

Dattawan ma'aikata suna tune da zamanin da ƙaramin ma'aikacin gwamnati kan karɓi rancen mota ya sayi sabuwa dal. A shekarar 1975, watau shekarar da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. A wannan zamani ne kuma aka kafa ta Volkswagen a Ikko, daga baya ta Steyr a Bauchi, da ta Leyland a Ibadan, da ta manyan motocin Marsandi a Inugu, da ta Fiat a Kano.

Sarauniyarsu duka ita ce Peugeot 504. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, ta kuma lashe gasar tseren Safari a Kenya a 1975, abin da ya tabbatar wa mutanen Afirka cewa mota ce ta gargada da ƙura. Turai ta daina yin ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har zuwa wajen tsakiyar shekarun 2000. Ita ce motar Sakatare, ita ce ta haya, ita ce ta kai amarya.

Abin da ya sa 504 ta shiga ran jama'a ba ƙarfinta kaɗai ba ne. Mota ce wadda ba ta ɓoye wa mai ita kome. In ka ɗaga bonet, ga kafireto, ga fulogi huɗu, ga fambel, ga sarari isasshe da hannu zai shiga. Malamin makaranta mai sifana uku da filaya da sukurdireba yakan iya wanke kafireto ranar Asabar, ya goge fulogi, ya ɗaure fambel, ya tashi motarsa ya tafi kasuwa.

To, amma daga 1986, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin nan na gyaran tattalin arziki da ake kira SAP, darajar Naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. Sai kasuwa ta koma ga tsofaffin motocin ƙetare, waɗanda a Kudu ake kira Tokunbo, a Arewa kuma Beljiyam. Ko da aka maido da mazaunin Gwamnatin Tarayya daga Ikko zuwa Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, wannan kasuwa ta riga ta kafu. Watau ke nan birnin ya tashi ne a kan ƙafafun motocin da wasu suka gama morewa.

BIRNIN DA BA A TAFIYA A ƘASA

An tsara Abuja ne da manyan tituna da unguwanni masu nisa da juna, tsadar haya kuma ta tura ƙananan ma'aikata zuwa garuruwan da ke kewaye, wasunsu ma a jihohin Nasarawa da Neja. An hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birni tun 2006, aka kuma taƙaita ƙananan motocin safa a 2013. Jirgin ƙasan cikin birni da aka buɗe a 2018 ya tsaya a 2020, sai a watan Mayu na 2024 ya dawo aiki, kuma ba ko'ina yake kaiwa ba. Saboda haka ga magidanci a Abuja, mota ba kayan ado ba ce. Ita ke kai yara makaranta, ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita kuma wasu ma'aikata ke ɗaukar fasinja da ita a kan hanyar zuwa ofis da dawowa domin su rage kuɗin mai.

Al'amari ya ƙara tsananta daga ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma Naira 537 a gidajen man NNPC na Abuja, a watan Yuli ta kai 617, a watan Oktoba na 2024 kuma ta haura Naira dubu. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Tun da yake kusan duk kayan gyaran mota daga waje ake shigo da su, kowane ƙarfe ya tashi. Hatta inshorar dole ta ƙananan motoci an ɗaga ta daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023.

Ma'anar wannan duka ita ce, ga mutane da yawa motar da ke hannunsu ita ce za su daɗe da ita, domin ba halin sakewa. Wanda ya bari injinsa ya buga, mai yiwuwa ne motar ta kwana a ƙofar gida shekara guda, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta.

ABIN DA KE WUYAN MAI MOTA

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, ta ganin cewa babban mutum ba ya ɓata hannunsa da baƙin mai. Sai a miƙa wa makanike makulli, a ce masa ya duba, a dawo da yamma a biya. Amma makanike, kome gaskiyarsa, sai mota ta lalace yake ganinta. Mai ita ne ke kwana da ita, yake tashi da ita. Akwai ayyukan da ba su bukatar gareji, ba su kuma cin fiye da minti goma sha biyar a mako.

Na farko shi ne baƙin mai, domin shi ne jinin inji. A ajiye mota a wuri mai daidai, da safe kafin a tashe ta, a zaro sandar awon mai a goge da tsumma, a mayar, a sake zarowa. Lalle ne mai ya tsaya tsakanin alamu biyun da ke jikin sandar. In ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara, to, ruwa na shiga inji, a nemi makanike tun kafin a je ko'ina. Ga tsohuwar motar da ke yini cikin cunkoso da ƙura, canja mai da matatarsa bayan kimanin kilomita 5,000 shi ne abin da aka saba, sai fa in littafin motar ya faɗi wani abu daban. A kuma lura da kaurin man. Mai kauri irin 20W-50 ya dace da injuna irin na 504, amma da yawa daga motocin Japan na shekarun 2000 an yi su ne domin mai sirara irin 5W-30. Sau da yawa an rubuta lambar a kan murfin da ake zuba man. Ɗura wa kowace mota mai iri ɗaya, kamar ba jariri tuwon dawa ne.

Na biyu ruwa. Zafin Abuja daga Fabrairu zuwa Afrilu yakan kusanci digiri 40, in aka haɗa da cunkoson Nyanya kuwa, inji na cikin jarrabawa. Mutane da yawa ruwan rijiya ko na burtsatse suke zubawa a lagireto. Wannan ruwa yana kawo tsatsa, yana kuma barin ƙasa-ƙasa da ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Ruwan nan mai launi, kore ko ja, da ake sayarwa a galan, yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma bai saurin tafasa kamar ruwan banza. In allurar zafi ta fara hawa, a tsaya a kashe mota nan take. Wanda ya ce bari ya lallaɓa ya ƙarasa gida, shi ne kan ƙone gasket, wani lokaci har kan inji ya lanƙwashe, aikin dubu biyar ya koma na dubu ɗaruruwa.

A nan ya kamata a ambaci wata al'ada ta wasu makanikai, ta cire tamostat daga motar Beljiyam da zarar ta sauka, su kuma haɗa fanka kai tsaye, wai na ƙasar sanyi ne. Tamostat ɗan ƙaramin bawul ne da ke riƙe ruwa har inji ya kai zafin da aka yi shi ya yi aiki a kai. In babu shi, inji yakan daɗe bai yi ɗumi ba, na'urar motar ta yi ta ƙara masa fetur. A zamanin da fetur ya zama zinariya, wannan hasara ce ta kullum. In mota na zafi, akwai dalili, dalilin ya kamata a nema.

Na uku taya. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefe, lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, to, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar Beljiyam tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robarta ta bushe ta tsattsage, irinta ce kan fashe a kan hanyar Lokoja ko ta Kaduna da rana tsaka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunne a kan tsofaffin tayoyi. Game da iska kuma, kada a bar wa mai faci ya ƙiyasta da ido ko da bugun ƙarfe. Adadin da ya dace yana rubuce a wata 'yar takarda a jikin ƙofar direba, ga yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35. Iska in ta yi kaɗan tana shan mai, tana sa taya zafi. In ta yi yawa tana cinye tsakiyar taya, tana rage kamun birki. Kada kuma a manta da safaya, wadda ba a tuna ta sai ranar baƙin ciki.

Na huɗu batir. Farin garin nan da ke taruwa a kansa yana hana wuta wucewa, ruwan ɗumi da tsohon buroshi sun isa su kawar da shi, sa'an nan a ɗaure kan sosai. In za a cire batir, a fara da wayar da ke da alamar ragewa, in za a mayar kuma ita ce ta ƙarshe.

Na biyar matatar iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo da ƙurar hunturu suna cika ta, haka ma hanyoyin unguwannin bayan gari da ba su ga kwalta ba. Inji mai toshewar hanci ba ya ja, kuma yana shan mai. Buɗe akwatinta a yawancin motoci bai wuce ɓalle maɗauri biyu ko huɗu ba. Da damina ta kusa kuma, a duba robar waifa da fitilu.

Sauran aikin na ido ne da kunne da hanci. A leƙa ƙasa inda mota ta kwana. Ɗigo baƙi na inji ne, ja-ja yawanci na giya ne ko na sitiyari, kore ko ruwan hoda na lagireto ne. Ƙarar ƙarfe a lokacin taka birki, ko birki da ya yi laushi yana nutsewa, ko warin fetur a cikin mota, ba abubuwan da ake ɗaga wa ƙafa ba ne zuwa ƙarshen wata.

INDA HANNUN MAI GIDA YA TSAYA

Duk da haka, ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Motar da ake kira tsohuwa a Abuja yau ba 504 ba ce. Corolla ce, ko Camry, ko Accord, ko Golf, ko Peugeot 406, kuma waɗannan ba su da kafireto. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ke auna musu fetur da iska. Tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota da ake sayarwa a can ta zo da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike ta faɗi abin da ke damun inji. Akwai ƙananan irin wannan na'ura masu aiki da wayar hannu, waɗanda mai mota ke iya mallaka. Amfaninsu ba don ya zama makanike ba ne, sai don ya isa gareji da sanin inda ciwon yake, kada a yi ta canja masa kaya ɗaya bayan ɗaya ana lalube a kan aljihunsa. Fitilar nan mai hoton inji da ke kamawa a gaban direba saƙo ce. Masu liƙe ta da baƙin salatif, ko su sa a cire ƙwanta, kansu suke ruɗi.

Aikin cikin inji, da na giya, da bututun birki, da jakar iskar nan mai kare direba a lokacin karo, da bel ɗin cikin inji da ake kira taimin, duka na masu sana'a ne. Abin da ke wuyan mai mota game da taimin shi ne ya san ko motarsa bel gare ta ko sarƙa, in bel ne ya san yaushe aka canja shi, domin a wasu injuna tsinkewarsa na nufin mutuwar inji. Haka nan masu sha'awar mayar da motocinsu su yi aiki da iskar gas ta CNG, bisa shirin da Gwamnatin Tarayya ta ɓullo da shi a 2023, su nufi cibiyoyin da aka amince da su. Tukunyar gas da aka haɗa da walda a bayan gida bam ce a cikin but.

Ko a ƙananan ayyukan gida ma akwai hatsarin da ke cin rai. Kada mutum ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, domin ruwan yakan yi tsiri ya saɓule fuska. Kada a bar mota tana aiki a cikin rufaffen gareji, saboda hayaƙin salansa yana ɗauke da guba marar wari mai kisa cikin barci. Kada a tsotsi fetur da baki, kada kuma a kusance shi da taba ko fitilar kwai. Tsohon baƙin mai a tara shi a jarka a kai wa masu saye, kada a tuttular a kwata, domin a ƙarshe rijiyar unguwa yake komawa. A kuma kawar da yara daga wurin. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

KASUWA DA AMANA

Wanda zai sayi kayan gyara a Abuja, hanyarsa ba ta wuce Apo ko Zuba ko Kugbo, kamar yadda na Kano ke nufar Ƙofar Ruwa, na Kaduna Panteka, na Ikko kuma Ladipo. A waɗannan kasuwanni akwai sabo na asali, akwai na Beljiyam da aka kwance daga wata motar, akwai kuma sabon jabu mai kwali mai ƙyalli. Araha ba ta ado. Ga ƙofa ko fitila ko madubi, na Beljiyam ba laifi. Amma abin da ke cinyewa da aiki, kamar bel da matata da fulogi da kayan birki, sabo mai kyau shi ne sauƙi. Yana da amfani mai mota ya tafi da tsohon abin a hannu, ya kuma rubuta lambar jikin motarsa mai harufa da lambobi 17, domin mota iri ɗaya ta Amurka da ta Turai sukan sha bamban.

Wajen mai ma haka ne. Mazauna Abuja ba su manta da watan Fabrairu na 2022 ba, sa'ad da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci suka lalace, layuka suka cika gari. Wancan daga sama ya zo, ba laifin mai mota ba ne. Amma sayen baƙin mai na awo a kwalabe a bakin titi, ko fetur ɗin 'yan bumburutu ba bisa larura ba, wannan ganganci ne da mutum ke yi wa kansa.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi kowane sifana amfani, shi ne ɗan littafi na Naira kaɗan a ajiye cikin mota. A rubuta ranar kowane gyara, da kilomitar da mota ta kai, da abin da aka canja, da kuɗin da aka biya. Mai irin wannan littafi ba a sayar masa da abu ɗaya sau biyu. In an canja kaya, ya nemi a ba shi tsohon. Ya kuma riƙe makanike ɗaya mai amana, ya biya shi hakkinsa ba tare da ƙwauro ba, domin wanda ake matse wa kuɗin aiki yakan fanshe a kuɗin kaya. Makanikai na ƙwarai sun fi son mai mota da ya san motarsa, don yakan kawo ta tun ciwo bai ci ƙarfinta ba.

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Har yau ana cin karo da 504 tana ɗauke da buhuna a hanyoyin ƙauye, shekaru da dama bayan an daina yin ta, alhali motocin da ba su kai rabin shekarunta ba sun zama mazaunin ƙadangaru a Apo. Bambancin ba a masana'anta kaɗai yake ba, yana ga hannun da ya riƙe su. Lafiyar iyalin da ke zaune a kujerar baya, da ta mai tafiya a ƙasa da bai san hawa ba bai san sauka ba, duka suna rataye ne a kan ko mai mota ya ɗaga bonet a safiyar Asabar ko bai ɗaga ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.